Mayar da tukunyar ruwan zafi bisa ɗaki: aikinta da sunayenta, daga Turai zuwa Tamaske

0. Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wata matsalar fassara wadda tushenta yake cikin aikin gini. A Faransa da Ingila, masu gidaje da dama sukan cire na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida daga ɗakin girki, su mayar da ita sama, cikin sararin da ke tsakanin silin da rufi, don su samu fili a ƙasa. Da Faransanci ana cewa « installer la chaudière dans les combles », wasu kuma su ce « au grenier ». A ƙasar Adar ba a san ɗumama gida da bututun ruwa ba, amma akwai aikin da ya yi kusa da wannan, wato ɗauke dafa ruwan wanka daga murhun tsakar gida a miƙa shi ga rana bisa rufi.

Duk wanda aka ba takardar bayanin irin waɗannan na'urori ya juya ta zuwa Hausa, domin magina da masu gyaran famfo da azuzuwan yaƙi da jahilci, zai tarar da kalmomi uku suna jiran sa: chaudière, grenier da installer. Ra'ayinmu shi ne ba za a iya zaɓa musu takwarorinsu ba sai an fahimci abin da tsawo yake yi wa ruwa da abin da ruwa yake yi wa rufi. Saboda haka za mu fara da bayanin aikin (sassa na 1 zuwa 4) kafin mu zo ga kalmomi (sashe na 5). Misalanmu sun dogara ga Tamaske, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, da maƙwabtanta na Buza da Madawa.

1. Yadda abin yake a Turai

Chaudière tukunya ce ta ƙarfe, rufaffiya, wadda gas ko mai ko itace yake zafafa ruwan cikinta. Ruwan yana bin bututu zuwa allunan ƙarfe da aka manna a bangon kowane ɗaki, ya saki zafinsa, ya komo a sake dafa shi. A tsohon tsari ana ajiye tukunyar a wuri mafi ƙasa cikin gida, domin ruwa mai zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, yana hawa da kansa, mai sanyin kuma ya gangaro ya maye gurbinsa. Abin da ake sa wa a sama a wancan tsari ƴar tanka ce ta ruwan sanyi, wadda ke cike giɓi idan ruwa ya ragu, ta kuma karɓi rarar idan ya kumbura.

Idan aka mayar da tukunyar sama, tsarin ya juye. Ruwan zafi ba zai sauka da kansa ba, sai injin tura ruwa ya tilasta shi. Iskar da ta shiga bututu za ta taru a wuri mafi tsawo, wato cikin tukunyar. In kuwa bututu ya yi yoyo ko'ina cikin gida, tukunyar ce za ta fara bushewa alhali wuta na ci ƙarƙashinta. Don haka ake rufe kewayen ruwan gaba ɗaya, a matse shi zuwa bar 1 ko 1,5 in yana da sanyi (bar 1 daidai yake da nauyin ruwa mai tsawon mita 10), a sa masa salkar ƙarfe mai karɓar kumburi da makunnin da ke kashe wuta idan matsin ya faɗi.

Akwai kuma sanyi. Turawa sukan shimfiɗa abin tare zafi a bisa silin, sai sararin da ke sama ya kasance kusan ɗaya da waje. Tun watan Afrilu na 2005 doka ta wajabta a Ingila da Wales cewa sababbin tukwanen gas su zama irin masu tatsar zafin hayaƙinsu. Waɗannan suna fitar da wani ruwa mai ɗan tsami ta siririn bututu, kuma a hunturun 2010 da na 2018 wannan bututu ya daskare a gidaje masu yawa, tukwane suka tsaya a ranakun da aka fi bukatar su. Sannan ana bukatar daɓen katako, tsani kafaffe da fitila, don mai gyara ya iya kaiwa gare ta, shi ma sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda aka buɗe a 2009. Nisan tukunya da bakin famfo shi ma yana da farashi: bututun milimita 15 mai tsawon mita 10 yana riƙe da kusan litir ɗaya da rabi na ruwan da ya huce, wanda sai ya zube kafin mai zafi ya iso.

Abin riƙewa daga nan shi ne Bature yana hawar da tukunyarsa ne don neman fili, kuma dabi'ar ruwa tana gāba da shi.

2. Ɗari da ruwan zafi a Tamaske

A yankin Tawa ɗari yana kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu. Da asuba ma'auni yakan sauka wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, ga iskar hunturu busasshiya. Ruwa ba ya daskarewa cikin bututu, don haka babbar damuwar Bature ba ta taso ba. Hausa ta bambanta ɗari, mai zuwa da iska da bushewa, da sanyi, wanda ya haɗa da na damina da na ruwan randa; ta kuma bambanta ɗumi da zafi. Ɗaki ana ɗumama shi da kaskon garwashi ko da ƴar wuta a tsakiya, mutane su kewaye suna jin ɗumi. Ruwa kuwa ana dafa shi a tukunya ko a rabin tano bisa duwatsu uku, domin wanka da alwalar asuba, musamman ga tsofaffi da yara.

Mafi cin itace cikin waɗannan shi ne wankan jego, safe da yamma har kwana 40. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da wannan wanka mai tsananin zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta ƙarƙashi, da shan kunun kanwa, cikin binciken da suka buga a 1978. Mun kawo wannan ne domin duk takardar da za ta tallata sabuwar na'ura kada ta yi kirari da cewa ruwanta ya fi na murhu zafi.

Ga ɗan lissafi. Ɗaga zafin litir 1 na ruwa da digiri 1 yana cin wat-awa 1,16. Litir 100 daga digiri 20 zuwa 60 zai ci kilowat-awa 4,6 ke nan. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da wajen kilowat-awa 4,4, amma murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai yake kai wa tukunya. Sai an ƙone kilo 7 zuwa 10 kafin a samu waɗannan litoci 100. In mun ɗauka gida yana dafa haka kullum tsawon jego guda, an tashi da kilo 280 zuwa 400.

Mutanen wannan yanki sun san darajar itace. A kwarin Magiya, wajen Buza, an fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a 1975 tare da ƙungiyar CARE. Aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da FAO da hukumar abinci ta duniya, ya soma a 1984, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin jera duwatsu da haƙa ramuka da dasa miliyoyin itatuwa bisa duwatsun Adar. Itacen da ake turawa ƙarƙashin tanon wanka daga wannan gumi yake fitowa.

3. Na'urar zafin rana

A Nijar zancen dafa ruwa da rana ba sabo ba ne. An kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, a Yamai a 1965, kuma Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa (1929-1991), masanin kimiyyar lissafi da dabi'ar abubuwa, ya shugabance shi daga 1969 zuwa 1985. Cikin abubuwan da ofishin ya ƙera har da na'urorin dafa ruwa da aka kakkafa bisa gidaje da ma'aikatu. A 1998 ofishin ya koma cibiyar CNES. Jami'ar Yamai ta ɗauki sunan wannan malami a 1992.

Na'urar tana da sassa biyu. Na farko akwati ne mai faɗi, marar zurfi, an rufe shi da gilashi, cikinsa akwai farantin ƙarfe baƙi da bututu manne a jikinsa. Hasken rana yana ratsa gilashin, baƙin ƙarfe ya sha shi ya yi zafi, gilashin kuma ya hana zafin komawa waje. Na biyu tano ne da aka naɗe da abin tare zafi. Bututu biyu ne suke haɗa su: ɗaya daga gindin tano zuwa gindin faranti, ɗaya daga kan faranti zuwa kafaɗar tano. Akwai wani samfuri, mafi yawansa daga ƙasar Sin, wanda maimakon faranti yake da jerin kwalabe dogaye masu bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu.

Litir ɗaya na ruwa mai digiri 20 yana da nauyin giram 998, mai digiri 60 kuwa giram 983. Wannan bambanci na giram 15 shi ne injin na'urar. Ruwan da ya yi zafi cikin faranti yana hawa zuwa tano, mai sanyin gindin tano ya sauko, haka za su yi ta kewayawa muddin akwai rana. Faransanci yana kiran wannan thermosiphon. Sharaɗinsa shi ne gindin tano ya ɗara kan faranti da wajen santimita 30. In tano ya yi ƙasa, kewayen zai juya da dare: ruwan zafi ya koma faranti ya huce, a wayi gari da ruwan sanyi.

Tamaske tana kusa da digiri 15 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba, da tsakar rana, rana tana karkata kudu da wajen digiri 38 daga tsakiyar kai. Don haka faranti zai fuskanci kudu, kuma tun da lokacin ɗari ake nufi, gara a karkata shi digiri 25 zuwa 30, fiye da 15 ɗin da ake ba allunan lantarki na duk shekara. A Nijar kowane murabba'in mita yana samun kilowat-awa 5 zuwa 7 a wuni. Faranti mai murabba'in mita 2 da ke kama kashi 40 zuwa 50 cikin 100 zai iya biyan kilowat-awa 4,6 ɗin da muka lissafta a sama.

A nan, saɓanin Turai, hawa sama yana tafiya tare da dabi'ar ruwa. Bisa rufi babu inuwar katanga, dabbobi da yara ba sa kai wa gilashi, ruwa kuma yana gangarowa makewayi da kansa. Rufi mai tsawon mita 3 yana ba da matsin bar 0,3, wanda ya isa cika bokiti.

4. Abin da hawa sama yake jawowa

4.1. Nauyi. Litir ɗaya kilo ɗaya ne. Tano mai litir 150, da ƙarfensa da farantinsa da ƙafafunsa, ya haura kilo 200, wato buhu biyu na hatsi masu kilo 100 da za su zauna wuri ɗaya shekara da shekaru. Rufin soro kuwa itace ne aka jera, azarar giginya ko goriba ko sandunan dogon yaro, aka shimfiɗa zana ko ƙirare, aka zuba ƙasa. Shi kansa yana da nauyi, yana ƙara nauyi da damina, gara kuma tana cin itacen daga ciki. Nauyin tano ba ya bazuwa, yana taruwa a ƙafa huɗu, kowace kamar turmi a kife. Rufin kwano shi ma an yi katakonsa ne don ɗaukar tol kawai. Ginin da ba itace, mai rufin tulluwa da baka, wanda aka fara gwadawa a Shikal ta ƙasar Filinge a 1980, ba shi da shimfiɗaɗɗen wuri ma balle a ajiye wani abu. Hanyar da ta fi aminci ita ce nauyin ya sauka bisa bango, a kusurwar da bango biyu suka haɗu, ko kuma a gina wa na'urar dakalinta na dutse ko turakun ƙarfe a gefen ɗaki, ta yi tsawon rufi ba tare da ta hau shi ba.

4.2. Yoyo. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, tano kuma yana da bututun amai. Bisa daɓen siminti ɗigon ba komai ba ne. Bisa rufin ƙasa, ɗigo ɗaya a wuri ɗaya kullum yana narkar da yaɓe ya kai ga itace. Dole a ja bututun aman har ya wuce bango, kamar indararo.

4.3. Ƙura. Watannin da ake son ruwan zafi su ne watannin hazo da ƙura. Gilashin da ba a share ba yana rage aiki sosai cikin ƴan kwanaki. Sharewa na nufin hawa, kuma wanda ya hau soro yana hango tsakar gidan maƙwabta, shi ya sa ba a hawa sai an sanar. Ruwan wanka aikin mata ne a ƙasa. Da zarar ya koma sama ya shiga hannun wanda zai iya hawa tsani. A garin da maza da yawa suke tafiya cin rani daidai wannan lokaci, tambayar wa zai share gilashi tana da nauyi. Dakali mai matakala a cikin gida ya fi rufi sauƙi ta wannan fuska.

4.4. Farar ƙasa. Duwatsun Adar suna da farar ƙasa, ita ce ma masana'antar siminti ta Malbaza take haƙa. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana barin ɓawo fari cikin buta, kuma ɓawon yana ƙaruwa da sauri in zafi ya wuce digiri 60. Siraran bututun faranti suna toshewa, kewayen ya tsaya. Ya kamata a zaɓi na'urar da za a iya kwancewa a wanke.

4.5. Lokaci da ƙuna. Rana tana gama aikinta da la'asar, mai alwala kuwa da asuba yake nema. Ingancin abin da aka naɗe tano da shi ne zai sa ruwan ya kwana da zafinsa. A gefe guda, cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, samfurin kwalabe yana iya kai ruwa kusa da tafasa. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin ƴan daƙiƙu, kuma bakin famfo ba ya nuna tururi kamar tukunya a murhu. Haka nan, zuba ruwan sanyi cikin kwalaben da suka wuni a rana babu ruwa yana fasa su. Inda ruwan famfo ke ɗaukewa, sai a jira dare ko asuba kafin a cika.

Daga ƙarshe, wannan na'ura ba ta ɗumama ɗaki. Kaskon garwashi yana nan, da haɗarinsa na iskar guba marar wari idan aka rufe ƙofa da taga aka kwanta.

5. Kalmomi

5.1. Grenier da combles. Kalmar grenier ta fito daga Latin granarium, ma'ajin hatsi. Da yake manoman Faransa a saman gida suke ajiye hatsi, sai kalmar ta koma nufin ɗakin ƙarƙashin rufi. A Faransancin Nijar kuwa ma'anar farko ce take da rai: grenier shi ne rumbu, ginin laka mai zaman kansa bisa duwatsu, irin manyan nan da aka san Adar da su. Mai fassarar da ya dogara ga abin da ya koya a lakwal zai iya rubuta:

(1) A sa tukunyar wuta cikin rumbu.

Nahawun jimlar daidai ne, manomi kuwa zai ajiye takardar daga nan. Soro ma ba ta warware matsalar, domin tana nufin ɗaki mai rufin ƙasa, a wasu wurare zaure, a wasu kuma hawa na sama. Bene ɗaki ne da ake zama cikinsa. Ba mu ga amfanin ƙirƙiro kalma ga abin da ginin yankin bai da shi ba. In ana bayanin Turai, a ce tsakanin silin da rufi. In ana bayanin Tamaske, a ce bisa ɗaki ko bisa dakali.

5.2. Sunan na'ura. Faransanci ya raba chaudière, mai ɗumama gida, da chauffe-eau, mai dafa ruwan wanka. In Hausa ta haɗe su da suna ɗaya, mai saye zai zaci abin da ya kafa zai kore masa ɗari cikin ɗaki. Akwai hanyoyi uku.

Ta farko aro ce. Hausar Nijar ta riga ta karɓi tiyo daga tuyau, tano daga tonneau, bido daga bidon, tol daga tôle. Waɗannan sun zauna domin abubuwan suna hannun mutane kullum. Aron suna kafin abin ya yaɗu ba ya koya wa kowa yadda yake aiki.

Ta biyu ita ce ɗafa-goshin ma-. Zafi yana cikin rukunin sunayen da Parsons ya bayyana a 1955, irin su sanyi, nauyi, faɗi, zurfi, masu haifar da aikatau ta hanyar ninka baƙin ƙarshe: zafafa, sanyaya, faɗaɗa, zurfafa. Ɗumi ba ya cikin rukunin ta fuskar siga, amma shi ma ya ba da ɗumama. Daga nan ana iya gina:

(2) mazafafi, daga zafafa
(3) maɗumami, daga ɗumama

Ƙa'ida ta yarda da su, har ma sun raba chauffe-eau da chaudière yadda ake so. Cikasu biyu ne. Sunan mai aiki da na kayan aiki karin sauti kaɗai ya raba su: magirbi mai karin sama-ƙasa-sama mutum ne, magirbi mai karin sama duka ƙarfe ne, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna karin sauti. Sannan kalmomin suna da nauyi a baki, ba mu jin magini zai faɗe su sau biyu.

Ta uku ita ce harɗaɗɗen suna, kuma tarihin ingantattun murahu ya goyi bayanta: sunayen da suka kama bakin mutane a Nijar tun shekarun 1980 su ne Mai Sauƙi, na ƙarfe, da Albarka, na laka. Sai dai a kula da zaɓen kan suna. Randa an san ta da sanyaya ruwa, ba ta dace ba. Tukunyar rana za a iya jin ta kamar ta abincin rana, tun da rana tana nufin tauraruwar da kuma wuni. Hasken rana kuwa ya riga ya manne wa allunan lantarki, waɗanda ake kira sola. Muna ba da shawarar a bar hasken rana ga lantarki, a ba ruwa zafin rana:

(4) chaudière: tukunyar ɗumama gida
(5) chauffe-eau solaire: tukunyar zafin rana
(6) capteur: faranti
(7) ballon: tano
(8) thermosiphon: kewayen ruwa da kansa
(9) trop-plein: bututun amai

A bakin mutumin Adar, kamar yadda aka sani daga bayanin Caron na 1991 kan wannan karin harshe, f tana komawa h ko hw, mahaɗin mace kuma yana narkewa cikin baƙin da ke biye. Za a ji tukunyaz zahin rana da hwaranti. Wannan bai hana rubuta daidaitacciyar siga ba, amma mai karanta takardar a gidan rediyon gari ya faɗa yadda masu saurare suke faɗa.

5.3. Installer. A nan ne zaɓen kalma ya fi shafar lafiyar mutane. Ga aikatau huɗu:

(10) An ɗora tano bisa soro.
(11) An aza tano bisa soro.
(12) An kafa turaku.
(13) An girka tukunya.

Ɗora, da takwararta aza wadda aka fi ji a yamma, suna nufin ajiye abu bisa wani, kamar kaya bisa kai ko bisa jaki. Ba su ce komai game da ƙarfin abin da ke ƙasa ba, kuma suna ɗauke da tunanin za a sauke. Kafa ta shafi abin da ake tsayarwa cikin ƙasa, ta dace da turaku. Girka kuwa ma'anarta ta farko ita ce zaunar da tukunya bisa murhu, kuma duk macen da ta girka tukunya ta fara duba duwatsun: su zauna daram, tsawonsu ya zo ɗaya, su iya ɗaukar tukunyar cike. Daga wannan ma'ana ce Hausar Nijar ta faɗaɗa kalmar zuwa hukuma da ƙungiya, ake cewa an girka kwamiti. Aikatau ɗin yana ɗauke da sharuɗɗan da sashe na 4.1 ya nema, mazauni da daidaito da dawwama, ba tare da an ƙara bayani ba. Wanda aka ce wa ya ɗora zai nemi tsani. Wanda aka ce wa ya girka zai fara tambayar ina duwatsun. Ga déplacer kuma, mayar da ta wadatar.

6. Kammalawa

Ga yadda farkon takardar bayani zai iya kasancewa bisa waɗannan shawarwari:

(14) Tukunyar zafin rana tana dafa ruwan wanka, ba ta ɗumama ɗaki. A girka ta bisa dakali ko bisa kusurwar bango, kada a aza ta tsakiyar soro. Faranti ya dubi kudu, tano ya fi shi tsawo da taƙi ɗaya da rabi. A ja bututun amai ya wuce bango. A share gilashi lokacin hazo. A surka ruwan kafin a yi wa yaro ko mai jego wanka.

Mun sa taƙi a wurin santimita 30 domin shi ne ma'aunin da ke hannun magini, mun kuma sa surka domin Hausa tana da aikatau na musamman ga haɗa ruwan zafi da na sanyi, inda Faransanci yake bukatar mitiger ko doguwar jimla. Mataki na gaba aikin fili ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya ɗauka: a karanta (14) ga magina, maƙera da ungozomomi a Tamaske, Keita, Buza da Madawa, a nemi kowa ya maimaita umarnin da bakinsa, a rubuta aikatau ɗin da ya yi amfani da shi a gurbin girka da sunan da ya ba tano.